Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Shekarun da na shafe ina koyar da adabi sun sa na lura da wani abu game da unguwannin da ake ginawa a gefen manyan birane, wato waɗanda mazaunansu ke kwana a cikinsu amma su yi sammakon shiga birni neman abinci. Kusan babu ƙasar da marubutanta ba su soki irin wannan zama ba. Sai dai idan mai karatu ya kasa kunne, zai ji cewa kukan ba iri ɗaya ba ne. A ganina, abin da ke bambanta shi shi ne amsar tambaya guda: mutum ne ya zaɓi fita, ko kuwa tura shi aka yi?

Mu fara da Amurka. A shekarar 1947 William Levitt ya soma gina Levittown a kusa da birnin New York, kuma kafin ƙarshen 1951 an kammala gidaje sama da 17,000, kusan dukkansu zubi ɗaya. Tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ta saye da bashi mai sauƙi, sa'an nan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ƙara buɗe wa masu mota ƙofar fita. Masu sukar, irin su Lewis Mumford a 1961 da Betty Friedan a 1963, ba yunwa suka hango ba. Kaɗaici suka gani, da rayuwar da kowa ke kwaikwayon maƙwabcinsa, da matar aure mai ilimi da ke wuni tsakanin bango huɗu. Akwai kuma aibin da ya fi waɗannan muni: tun farko an hana baƙar fata mallakar gida a wurin. Duk da haka, masanin zamantakewa Herbert Gans, wanda ya je ya zauna a wata Levittown ta jihar New Jersey, ya bayyana a 1967 cewa yawancin mazaunan sun gamsu da zamansu. Wannan ya koya mini in riƙa tambayar inda mai suka yake zaune kafin in karɓi hukuncinsa.

A Ingila kuwa, kukan na ƙasa ne da matsayi. Marubuta irin su George Orwell, a ƙagaggen labarinsa na 1939, sun yi baƙin cikin yadda jerin gidajen ƙananan ma'aikata ke cinye gonaki da ƙauyuka. Wannan fargaba ce ta haifar da shingen fili da aka kewaye Landan da shi, inda aka taƙaita gine-gine. Amma a ƙarƙashin sukar akwai ƙamshin raini, irin na mai gadon sarauta ga akawun da ya samu ɗan abin hannu.

Faransa ta juya al'amarin baibai. A can masu hali sun riƙe tsakiyar Paris, aka gina wa talakawa dogayen benaye a waje, kamar na Sarcelles da aka fara a 1955. Sannu a hankali da yawa daga cikin irin waɗannan unguwanni suka cika da ma'aikata 'yan asalin Aljeriya da Maroko da Afirka ta Yamma. A watan Oktoba na 2005, mutuwar wasu samari biyu a Clichy-sous-Bois ta tayar da tarzomar da ta ɗauki kimanin mako uku, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Wanda ke zaune a irin wannan wuri ba gundura ce ke damunsa ba; damuwarsa ita ce adireshinsa kaɗai na iya hana shi samun aiki.

To, mu fa? Mu mun gaji nau'o'in biyu gaba ɗaya. Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwanni, suka bar filin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Da suka tafi, manyan ma'aikatanmu suka gaje gidajen, suka ƙara wa katanga tsawo. A ɗaya ɓangaren kuma, ga dubban ma'aikatan Abuja da tsadar haya ta kora zuwa Nyanya da Mararraba, suna ƙarar da asubahinsu a cunkoson motoci. Na zauna a unguwar manyan ma'aikata, inda aka yi rasuwa a gida na uku da nawa ban ji ba sai bayan sadakar uku. Bahaushen da ya tashi a gidan da ke da zaure, inda ake shimfiɗa tabarma a ci tuwo tare, ya san abin da aka rasa a nan.

Saboda haka nake jan hankalin ɗalibanmu masu sha'awar rubutu: kada ku ari kukan Ba'amurke ku yafa wa mai hayar ɗaki ɗaya a Mararraba. Ku je ku zauna da shi, ku ji ko hira ce ya rasa ko ruwan famfo, sa'an nan ku ɗauki alƙalami.