Shafin da Ba Ya Buɗewa a Wayar Mai Saye

Shekara huɗu ke nan ina gina wa mutane shafukan intanet a nan Sabo. Mafi yawansu 'yan kasuwa ne: masu hatsi a Bodija, masu ɗinkin manyan riguna, sai makarantar Islamiyya guda. Yanzu ƙannenmu da dama sun shigo harkar, kuma wallahi abin farin ciki ne. Sai dai akwai abin da ke damuna a aikinsu. Suna gina shafi a babbar kwamfuta, su gwada shi a kanta, su ga ya yi kyau, shi ke nan su miƙa wa mai shi.

To, wa zai buɗe shafin nan? Mutum ne mai Tecno ko Itel da ta kwana biyu a hannunsa, ga data ta awo. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya koma lissafin megabait kamar yadda uwargida ke lissafin mudun shinkafa. Ka tura masa shafi mai bidiyo a sama da hotuna goma, kowanne megabait uku, kafin ya ga farashin buhun wake datarsa ta tafi. Rufewa zai yi ya tambayi wani a WhatsApp, Alhajin da ya biya ka kuwa ba zai taɓa sanin ya yi asarar ciniki ba.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 2010 Ethan Marcotte ya yi bayanin shafin da ke daidaita kansa da faɗin kowane allo, a 2011 kuma Luke Wroblewski ya fitar da littafinsa Mobile First. Ma'anarsa, ka fara tsara wa ƙaramin allo, daga baya ka faɗaɗa. Ƙaramin allo ba ya barin kwalliyar banza, dole ka zaɓi abin da mai saye ya zo nema: kaya, farashi, lambar waya, inda shago yake. Shi kansa Google yanzu sigar waya yake dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike.

Hotuna ne suka fi cin data. Ka rage girmansu, ka mayar da su WebP, wanda Google ya fito da shi a 2010, sannan ka sa wa na ƙasa umarnin loading="lazy" don kada su sauko sai mutum ya gangaro wurinsu. Tsarin shafi kuwa, CSS Grid da Flexbox sun wadatar.

Inda muka fi sa-in-sa da yaran nan shi ne React. Ban ce ba shi da amfani ba, ai Facebook ne ya sake shi a 2013, kuma wanda ya iya shi yana samun aiki har a Legas. Amma shafin mai ɗinki mai fuska huɗu me ya haɗa shi da tulin JavaScript? Ƙaramar waya sai ta sauke shi duka, ta tauna, kafin ta nuna harafi ɗaya. Kamar ka ɗauko tirela ne don kai kwandon goro Mokola. HTML da CSS kaɗai za su yi aikin, kuma a Chrome akwai Lighthouse da zai auna maka nauyin shafin kyauta.

Sai batun haruffanmu. Salon rubutu da yawa masu ban sha'awa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Sai ka ga "ƙwai" ya fito da ɗan akwati a farko, ko yaro ya gaji ya cire ƙugiyar, "ƙasa" ta koma "kasa". A shafin makaranta wannan abin kunya ne. Ka tabbatar shafin yana kan UTF-8, ka zaɓi salo irin Noto Sans. Mu da ke Ibadan ma ribarmu biyu, domin yawancin masu sayen kayanmu Yarbawa ne, kuma salon nan yana ɗauke da ẹ, ọ da ṣ nasu.

Ni dai kafin in karɓi cikon kuɗina, sai na ari wayar yaron shago, na shiga can cikin rumfunan Bodija inda sabis ke wahala, na buɗe shafin ina ƙirgawa. In na kai biyar farashi bai fito ba, gida nake komawa in rage masa kaya.