Ranar Da Na Kai Inna Ganin Birni

'Yan uwana mata, duk zuwan da Inna ta taɓa yi Kano daga Kunci, in ba asibiti ba to ta'aziyya. Bayan girbin bana na nemi izinin maigida, na ce sai ta ga birni ba don ciwo ba.

Muka fara da marinar Ƙofar Mata, sai Gidan Makama. A Dutsen Dala gwiwa ta ƙi, ta zauna a gindinsa ta ce, "Hau ki gano mini, 'yar nan." Na hau ina haki. Ga Kano shimfiɗe a gabana, amma ni ƙasa nake ta leƙe.

Bayan Azahar muka sayi gurasa bandashe a Jakara, ta sha ƙuli da mai. Likita kuwa ya hana Inna maiƙo. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga tana dariya tana lasar yatsa. Na tura mata farantin.