Katin Bashi da Iyakarsa: Nasiha Daga Wanda Ya Taɓa Ƙonewa

 

'Yan uwana matasa, kwanakin baya wani ƙanena da ya samu gurbin karatu a Amurka ya tambaye ni yadda ake yi banki ya ɗaga wa mutum iyakar katin bashinsa. Na amsa masa a taƙaice, amma daga baya zuciyata ta ƙi kwanciya, domin rabin labarin kawai na ba shi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi cikakke, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Na sauka Amurka a shekarar 2016 ba ni da bashin kowa, ina kuma alfahari da hakan. Da na je neman ɗakin haya sai mai kula da gidan ta duba kwamfuta, ta ce ba ni da tarihin bashi, don haka sai na ninka kuɗin ajiya. Abin ya ɗaure mini kai. A gida, wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. A can kuwa baƙo ne da ba wanda zai shaide shi.

Ga yadda tsarin yake. Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, masu tattara bayanan bashin mutane. Daga waɗannan bayanai ake fitar da maki, kuma wanda ya fi shahara shi ne na FICO, da aka fara amfani da shi a 1989, yana kamawa daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin ɗari na makin ya dogara ne da biya a kan lokaci, kashi 30 da yawan bashin da ke kanka, kashi 15 da daɗewar tarihinka, kashi 10 da sababbin basussukan da ka nema, sauran kashi 10 kuma da ire-iren bashin da kake riƙe da su. Masu gidajen haya suna duba wannan tarihi, haka masu sayar da mota, haka kamfanonin inshora a jihohi da dama.

Na fara da katin jingina. Na ajiye dala 300 a banki, suka ba ni kati mai iyakar dala 300. Kuɗin waya kawai nake biya da shi, in share bashin gaba ɗaya kowane wata. Kafin shekara ta zagayo suka mayar mini da ajiyata, suka kuma ƙara iyakar. Daga nan na shiga koyon dabarun, kuma ga su kamar yadda na same su.

Ta farko, kada ranar biya ta wuce ka ko sau ɗaya, domin jinkirin da ya kai kwana 30 yana iya zama a tarihinka har shekara bakwai. Ta biyu, ka riƙa amfani da kaɗan daga iyakarka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, kuma ƙasa da kashi 10 ya fi. Yawancin bankuna suna kai rahoton abin da ke kan katin ne a ranar da aka rufe lissafin wata, saboda haka wanda ya biya kafin wannan rana zai bayyana a matsayin mai ɗan bashi. Ta uku, ka nemi ƙari bayan kamar wata shida, ka sanar da banki idan albashinka ya ƙaru, amma ka fara tambaya ko binciken da za su yi mai tsanani ne, domin irinsa yana rage maki kaɗan kuma yana zama a tarihi shekara biyu. Ta huɗu, ka sa tazara tsakanin neman kati da kati. Ta biyar, kada ka rufe katinka mafi daɗewa muddin ba ya cin kuɗin shekara.

Dabarun sun yi aiki. Zuwa 2021 ina da katuna huɗu, jimillar iyakarsu dala 38,000, kuma ban taɓa biyan ko sisin kwabo na ruwa ba. A dokar katin bashi ta 2009, dole banki ya aiko da takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya, kuma wanda ya share komai a cikin wannan wa'adi ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyarsa. Da wannan nake kwantar wa kaina hankali. Amma akwai wani abu da ya sauya a zuciyata ba tare da na lura ba. Na fara kallon wannan adadi kamar dukiyata ce. Idan na buɗe waya na gan shi, sai in ji kamar mai rumbu cike da gero, alhali ko ƙwaya ɗaya ba tawa ba ce. Har na daina tanadi sosai, ina cewa ai ga kati idan wani abu ya taso.

Abin kuwa ya taso. Wata rana da asuba yayata ta kira ni tana kuka, ta ce an kwantar da Baba a asibiti, ƙodarsa ta samu matsala, ana bukatar kuɗi kafin a fara wankin jini. Abin da ke asusuna bai kai ko'ina ba. A masallacinmu akwai 'yan uwa da na tabbata za su ranta mini, amma kunya ta hana ni buɗe baki, ni da ake wa kallon mai rufin asiri. Sai na je na'urar cirar kuɗi na zari dala 4,000 daga katuna biyu. Na'ura ba ta kallon fuskar mutum, ba ta tambayar ina tanadinsa ya tafi, kuma wannan sauƙin ne ya ja ni.

A nan na gane cewa cirar tsabar kuɗi da katin bashi ba ta da wa'adin sassauci. Ruwa yana fara hawa tun ranar farko. An cire mini kashi 5 cikin ɗari na ladan cira, wato dala 200, sannan ruwan ya kusa kashi 29 cikin ɗari a shekara, kusan dala 100 a watan farko kaɗai. Wata biyar na yi ina biya, kuma abin da na ƙara a kan uwar kuɗin ya kai wajen dala 500. Baba ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma duk lokacin da na iso ƙarshen Suratul Baƙara a tilawa, inda Allah Ya yi magana a kan riba kafin ayar bashi, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, sai harshena ya yi nauyi.

Na samu limaminmu bayan sallar Isha na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, me ya hana ka zuwa wurinmu?" Na ce, "Allah gafarta Malam, kunya ce." Ya ce, "Ka ji kunyarmu, ba ka ji kunyar wanda ya haramta ba?" Bai tsawata mini fiye da haka ba. Ya tunatar da ni cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, kuma ya taɓa dakatawa daga yi wa wani mamaci salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. Ya ce in tuba, in gaggauta biya.

Ya kuma bayyana mini saɓanin malamai. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya cikin wa'adi. Wasu malaman kuma sun sassauta wa mazauna ƙasashen Yamma saboda bukata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya gaba ɗaya kafin ruwa ya hau. Ni ba malami ba ne, ba zan rinjayar da wani ra'ayi ba. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, na kasance cikin masu cewa sun tabbata, har ranar da wayar asuba ta shigo.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2023 bashin katin da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya, matsakaicin ruwan kuma ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Da yawa cikin masu wannan bashi sun karɓi katin ne da niyyar biya a ƙarshen wata, kamar yadda na yi. Banki bai ɗaga maka iyaka don ƙaunarka ba. Ya san rashin lafiya da rasa aiki suna zuwa wa kowa, kuma a ranar ce ribarsa take.

Yanzu katuna biyu na bari, har da na farkon. Ba na sayen komai da su sai kuɗinsa na cikin asusuna a wannan lokacin, kuma na sa banki ya riƙa cire cikakken bashin da kansa kowane wata. Na tara abin da zai riƙe ni wata shida, na kuma shiga adashin 'yan masallaci, inda muke ranta wa juna ba tare da ƙarin komai ba. Na daina neman ƙarin iyaka.

Ya kai ƙanena, da duk mai shirin tafiya, idan za ka iya rayuwa ba tare da katin ba, hakan ya fi maka aminci. Idan bukata ta tilasta, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa tun kafin ka sa hannu, ka fara gina tanadi kafin ka gina maki, kuma ka san mutum biyu ko uku da za ka iya ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Dabarun da na lissafa za su ɗaga maka iyaka, amma abin da za ka dogara da shi ranar tsanani, bayan Allah, shi ne abin da ka tara da kuma 'yan uwanka.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.