Hannun Kawu da Hanyar Bichi

Bayan sallar asuba muka bar Kano ta hanyar Katsina. A Dawanau muka tsaya cak, manyan motocin hatsi sun toshe titi. Daga nan har Bichi da wuya ido ya ga fili da ba a nome ba: an yanke gero, dawa ta sunkuya, ɗorawa da gawo tsaye a tsakiyar gonaki, gari na hango gari. Daga Bichi ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen kawuna.

A zaure na same shi, hannun dama yana rawa a kan gwiwa, babban yatsa na murza manuniya.

"Kawu, yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, ɗan nan. Hannun ne ya daina jin magana."

Mutanen gida sun kasu biyu, masu cewa tsufa ne da masu cewa sammu ne. Likita a Kano ya riga ya ce cutar Fakinsan ce, ya rubuta masa maganin lebodofa.

Hira ta kai mu zamanin samartakarsa, lokacin da suke kora jakuna da mangalar taki daga birni zuwa gona. Ya ce gonar da ta fi nisa ita ke fara nuna yunwa idan jaki ya gaza. Na ce masa ai ciwon nasa ke nan. Ƙwayoyin jijiya da yawa suna da dogon zare. Wanda ya tashi daga ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa yakan kai mita guda. Mitokondiriya, wato 'yan ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar kuzari, dole a yi dakonsu har ƙarshen zaren. Furotin kainesin ke fita da su, dainin ya komo da su, wani kuma mai suna Miro shi ke ɗaure kayan.

A 2009 Xinnan Wang da Thomas Schwarz, a Boston ta Amurka, suka nuna cewa da zarar sinadarin kalsiyam ya yawaita a wani wuri cikin zaren, sai ya maƙale wa Miro, dakon ya tsaya. Tsari ne mai hikima, domin inda kalsiyam ya taru nan aiki ya yi zafi, nan ake buƙatar kuzari. Sai dai ƙwayoyin da ke yin sinadarin dofamin a tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda cutar Fakinsan ke taɓawa, ba sa hutawa. Kalsiyam yana ta kwarara cikinsu dare da rana, mitokondiriyarsu na gajiya. Wadda ta lalace, furotin PINK1 da Parkin ke cire mata Miro, su tsayar da ita a rushe ta. Idan wannan shara ta samu cikas, gurɓatattu su taru, bakin zaren ya fara mutuwa tun kafin hannu ya soma rawa.

Inna ta ji maganar kalsiyam, ta leƙo daga bayan labule: "To, a hana shi nono ke nan?" Na ce a'a, Inna, a dama masa furarsa. Matsalar tana ƙofofin da kalsiyam ke shiga ƙwayar ne, ba a ƙwarya ba. An ma gwada toshe ƙofofin da maganin hawan jini isiradifin. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage gudun cutar ba.

Da la'asar na ga jikansa ya dawo daga gona da tankin feshi a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, rigarsa jiƙe da farakwat. Bincike da dama sun danganta wannan maganin ciyawa da cutar kakansa. Na yi masa faɗa sosai. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya tambaye ni ko na san kuɗin 'yan ƙwadago bana.