Daga Ina "Karatu" Ta Zo Mana?

Makon jiya a masallacinmu na nan Ɗan Iya, bayan Isha'i, aka yi ta ja-in-ja kan wanda za a damƙa wa yaran allo na safe. Muka kawo sunan wani dattijo Babarbare, alaramma, wanda ya daɗe yana sayar da huluna kusa da rumfarmu a Kasuwar Wunti. Sai wani ya ce, "Haba Liman, mutumin da Hausarsa ma ba ta fita, shi zai koya wa 'ya'yanmu karatu?" Aka kwashe da dariya. Mu dai abin bai yi mana daɗi ba.

Kalmar da ya faɗa da bakinsa ita muka kwana muna juyawa. Tun muna Islamiyya mun ɗauka karatu daga Larabci ta faɗo mana kai tsaye, daga ƙara'a. Tushen kam shi ne. To amma mu ai muna da ƙ a bakinmu: mun ce ƙira'a, alƙalami, alƙali. Me ya sa a nan kaɗai muka ce ka? Kuma wannan "tu" ta ƙarshe fa, wa ya liƙa ta?

Barebari ne. Harshensu ba shi da ƙ, kuma ɗafin nan na ƙarshe nasu ne. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu ta Borno suka shigo Hausa, daga karatu kuma muka ƙera karanta. Har kasuwar da muke ci a cikinta: Balarabe ya ce suƙ, Babarbare ya ce kasugu, mu muka ce kasuwa.

Ba abin mamaki ba ne. Sarakunan Kanem sun musulunta tun ƙarni na 11, Kano kuwa sai zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14. Kakanninmu in yaro zai nemi Alƙur'ani cewa suke ya tafi gabas. Sarki Yakubu na Bauchi ya gwabza da Shehu Laminu a 1827, amma ba mu ji an mayar musu da kalmarsu ba.

Washegari da Asuba muka faɗi wannan a gaban jama'a. Mai maganar ya ce shi fa bai gamsu ba, asalin kalma daban, iya koyarwa daban. Gaskiyarsa. Aka tsaya kan a gwada dattijon wata uku. Ranar Asabar zai fara, in Allah ya kai mu, kuma namu biyu suna cikin yaran.