KO MASKI YANA TSORON IGIYA?

A arewacin ƙasar Amurka, kan iyakarta da Kanada, akwai waɗansu manyan tafkuna guda biyar, da dubban ƙanana, da koguna masu ruwan sanyi. A cikin waɗannan ruwaye ne ake samun wani babban kifi da ake kira maski. Sunan nan an aro shi daga harshen Ojibwe, waɗansu mutane ne da ke zaune a ƙasar tun Turawa ba su zo ba.

Maski dogo ne, siriri, bakinsa shimfiɗaɗɗe kamar na agwagwa, cike da haƙora masu tsini. Wanda ya san tsagen kogunanmu ya san irin ɓarnar da haƙoran kifi ke yi. Galibi tsawonsa ƙafa biyu zuwa huɗu ne, mace kuwa ta fi namiji girma. A shekarar 1949 wani masunci mai suna Cal Johnson ya kama ɗaya kusa da garin Hayward, a jihar Wiskonsin, nauyinsa laba 67 da rabi, watau wajen kilo 30. A 1955 jihar nan ta zaɓi maski ya zama kifin da za a san ta da shi.

Kifin nan ɗan kwanton ɓauna ne. Ya kan laɓe cikin ciyawar ruwa ko gindin dutse, ya yi tsit. Da kifi, ko kwaɗo, ko ɗan agwagwa ya gitta, sai ya zaburo kamar kibiya ya cafke. Kama shi da wuya ƙwarai, har masunta suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma. Mutum ya kan wuni cikin jirgi yana jefa ƙugiya, ya komo gida hannu banza.

Da fatsa ake kama shi. Ana ɗaura wa igiya kifin ƙarya na itace ko na roba, ko kuwa wani ƙarfe mai juyawa da aka yi wa jelar gashi. Wani tsawonsa ya kai ƙafa guda, ga ƙugiyoyi suna reto a jikinsa. Amma ba a ɗaura shi kai tsaye a igiyar, domin haƙoran maski suna yanke zare kamar aska. Sai a sa guntuwar waya mai ƙarfi, kamar ƙafa guda, tsakanin igiyar da kifin ƙaryar. To, a kan wayar nan ne masunta suka daɗe suna gardama. Shin maski yana ganinta? In kuwa yana gani, ita ce ke korarsa?

Masu cewa tana korarsa ba su rasa hujja ba. Sun ce maski da ido yake farauta, ganinsa kuwa mai kyau ne. Waɗansu tafkunan ruwansu garau yake, har ana hangen duwatsun ƙasa daga cikin jirgi. Sau da yawa kifin ya kan biyo kifin ƙaryar sannu sannu, yana dubansa, har ya iso kusa da jirgi, sa'an nan ya juya ya nutse. Suka ce, me ya hana shi cafka in ba wayar da ya gani ba?

Waɗansu kuwa sun ce ba haka ba ne. Suka ce a dubi kifin ƙaryar kansa: ga ƙarfe yana walƙiya, ga ƙugiyoyi tara-tara a fili. Kifin da bai ji tsoron waɗannan ba, yaya 'yar waya za ta razana shi? Babbar hujjarsu ita ce wata dabara da kowane mai kamun maski ya sani. In kifin ya biyo har bakin jirgi, masunci ba ya ɗaga ƙugiyarsa. Sai ya tsoma kan sandar fatsa cikin ruwa, ya riƙa jan kifin ƙaryar yana kewayawa, kamar mai rubuta lamba 8. Sau da yawa nan ne maski ke cafka, ga jirgi bisa kansa, ga mutum tsaye, ga sanda da waya a gaban idonsa. Banda wannan kuma, ana kama shi da dare, da cikin ruwan da ya yi ja kamar shayi. Gama kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai har wutsiya, wanda da shi yake jin motsin abin da ke iyo ko da bai gan shi ba.

In aka auna maganar, za a ga kowane gefe yana da rabonsa na gaskiya. In ruwa ya yi duhu, ko ana jan ƙugiya da sauri, maski ba shi da zarafin duba waya. In kuwa ruwa garau ne, rana ta take, ana ja a hankali, to yana da damar dubawa sosai, saboda haka mai hankali ya kan rage abin da ke walƙiya. Har wa yau, waya mai nauyi ta kan hana kifin ƙarya rangaji irin na mai rai, watakila wannan ya fi ganinta ɓata sha'anin.

Masu sana'a sun nemo hanyar tsakiya. A 1971 wani kamfanin ƙasar Japan ya fito da igiyar su ta filorokabon. Haske yana ratsa ta kusan yadda yake ratsa ruwa, don haka ba ta fitowa fili kamar waya. Masunta da yawa yanzu suna sa mai kaurinta a maimakon waya. Amma duk da haka haƙori ya kan karce ta, tilas mutum ya riƙa shafa ta da yatsa, in ya ji kaushi ya sake wata.

Akwai kuwa wanda zai ce bari ya cire wayar ɗungum, ya ɗaura siririn zare don kada kifi ya gani. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ran da babban kifin da ya yi kwanaki yana jira ya cafka, da tauna ɗaya zai yanke zaren ya tafi. Hasarar kuma ba ta masunci kaɗai ba ce. Kifin ya tafi da ƙugiyoyi cikin bakinsa, wani lokaci su ɗinke masa baki, ya kasa cin abinci har ya mutu. Maski kuwa ba shi da yawa cikin ruwa, kuma sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya girma. Shi ya sa yawancin masunta a yau, in sun kama shi, sai su auna tsawonsa su mai da shi ruwa da ransa. Hukuma ma ta hana tafiya da wanda bai kai tsawon da doka ta ƙayyade ba.

Saboda haka masunci na kirki ya kan fara tambayar ko igiyarsa za ta jure wa haƙori, sa'an nan ya tambayi ko kifi zai gan ta. Kifin da ya ga waya ya juya yana nan da ransa, gobe ma ana iya jefa masa ƙugiya. Mahaƙurci mawadaci.