Wataƙila Za a Yi Aiki

Wata biyu ke nan da wata likitar mata a Yamai ta dubi takardar ekogarafina, ta ajiye, ta ce wataƙila za a yi mini aiki. Da Faransanci ta faɗa, ni ce na juya maganar zuwa Hausa cikin taksi, muna bisa gadar Kennedy za mu koma Harobanda. Daga ranar barci ya ƙaurace mini, sai kwanan nan ya fara dawowa. Na ce bari in rubuta yadda abin ya kasance, don na san cikin masu karanta wannan ɗan littafi akwai wadda duk wata take naɗewa bisa katifa a site, tana ce wa ƴan ɗakinsu ciwon kai ne.

Tun ina shekara 14 nake fama da ciwon mara. In al'ada ta zo, kwana biyu ba na iya miƙewa: amai, zufa, ciwo ya sauka har cinyoyi da ƙugu. A gida Maradi, Inna takan jiƙa mini kanwa, ta dafa citta da kanumfari, ta ce kowace mace da haka ta girma. Gwaggo kuwa maganarta ɗaya ce: "In kinka yi aure kinka haihu, shi ke nan, ya bari." Haka na gama koleji da lise ina haɗiyar magani. Bara ciwon ya daina jiran lokacinsa, har wajen bayan gida sai in ji kamar ana soka mini allura. Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin amfi, ƙawayena suka ce sai an je likita.

Ekogarafi ya nuna ƙullutu a hagu, wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa. Likita ta ce tana zaton andometiriyozi ne. Ga yadda na fahimci bayaninta. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri duk wata, in ba a samu ciki ba ta zube, ita ce al'ada. To, ga wasu mata, nama mai kama da wannan shimfiɗar yakan tsiro a wajen mahaifa, jikin hanji, ko mafitsara, ko wurin ƙwai. Shi ma yana bin wata, yana kumbura, yana zubar da jini, amma jinin ba shi da hanyar fita. Daga nan ciwo yake, kuma kayan ciki sukan manne da juna. Ba a ɗaukarsa wajen kowa, budurwa da matar aure duk yana kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa suna da shi, kusan miliyan 190.

Da yake ilimin harshe nake karanta, abin da na fara yi shi ne kwance kalmar. Daga Girkanci take: endon "ciki", metra "mahaifa". Kuma metra ƴar'uwar meter ce, wato "uwa", kamar yadda mu ma mahaifa da mahaifiya tushensu guda. Amma a Hausa ban samo wa ciwon suna nasa ba. Wadda ke jin ɗan murɗa na awa biyu da wadda ke suma, duk "ciwon mara" ake ce musu, kuma duk haƙuri ake ba su.

Sanin sunan bai hana ni tsoro ba. Da rana ina zuwa kur, ina dariya da mutane. Ƙarfe biyu na dare sai in farka, zuciya na dukan uku-uku, in kama waya in yi ta karanta labaran waɗanda aikinsu ya zo da matsala. Wani dare na zauna na dubi jimlar nan kamar aikin gida. "Wataƙila": ba e ba, ba a'a ba, ba ka san shirin da za ka yi ba. "Za a": wannan ɗan "a" da muke sawa in ba mu son faɗin mai aikatawa. Wa zai yi? "Aiki": kalmar da muke faɗa wa noma da wanki da ɗinki, ita ce kuma yanka cikin mutum. Sai na lura duk jimlar ba ta gaya mini komai ba, ni ce nake cike gurbin da mafi munin abin da zan iya tunani. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wata ƴar ɗakinmu, ƴar Damagaram mai karatun likitanci, ta ce, "Ke, bar wayar nan haka. Ɗauki kaye ki rubuta abin da kike tsoro, ɗaya bayan ɗaya, ki kai mata." Da na rubuta sai na ga uku ne. Kar a sa ni barci in ƙi farkawa. Kar a cire mini mahaifa. Na uku, yadda zan gaya wa Inna, don kun san garinmu: budurwa ta tafi Yamai karatu, aka ji an yi mata aiki a ciki, ba kowa zai tsaya tambayar sunan ciwon ba.

Na koma randebu da kayena. Muryata na rawa na karanta, likita ba ta yi dariya ba. Ta ce aikin da take nufi seliyoskopi ne: ƴan ƙananan huda, ɗaya a cibiya, a hura iska ciki ya buɗe, a sa siririn ƙarfe mai kamara a gani da ido, don ekogarafi ba ya nuna komai da komai. In an ga abin, a cire abin da za a iya cirewa. Kafin nan sai na ga mai sa barci ya duba ni, an yi gwajin jini. Ta ce babu maganar cire mahaifa a shirinta, kuma ba za a taɓa ni ba sai na sa hannu. Ba ta ɓoye mini sauran ba: kowane aiki da hatsarinsa, ciwon yana iya dawowa bayan aiki, wasu masu shi suna shan wahalar samun ciki, da yawa kuma suna haihuwa. Haihuwar kuma ba ita ce maganinsa ba, Allah ya ba Gwaggo haƙuri.

Ta ce mu fara gwada ƙwayoyi wata uku mu gani. Irin ƙwayoyin tazarar haihuwa ne, suna kwantar da abin. Ranar da na miƙa ordonansi a farmasi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ko da yake ba wanda ya ce mini uffan.

Saura Inna. Sau uku ina kira ina ƙarewa da gaisuwa. Na huɗu na rufe ido na faɗa mata duka, har ƙwayoyin. Ta yi shiru har na ɗauka rezo ne ya yanke. Can ta ce, "Ashe abin da gaske ne, ɗiyar nan." Na ce da gaske ne, Inna. Ta ce, "Da nac ce miki ki yi haƙuri, ni ma haka anka ce min." Sannan ta tambayi kuɗin. Na ce ba a faɗa ba tukuna. Ta ce, "In anka sa rana ki hwaɗa min. Ni za ni taho, ba wani ba. Masu magana su yi ta yi." Inna da ba ta son doguwar tafiyar mota, ga Maradi zuwa Yamai fiye da kilomita 600. Na kashe waya na yi kuka mai isata, daren nan na yi barci har asuba.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Wata mai zuwa zan koma, a sake ekogarafi, a nan za a san ko aikin ya zama dole. Amma yanzu ina da ƴan dokokina. Bayan isha'i ba na neman labarin ciwo a intanet. Tambaya in ta zo da dare, in rubuta ta a kaye ta jira safiya. In ƙirji ya matse, in tashi in yi alwala, in ja numfashi a hankali. Kuma duk ranar da na ji ciwo ina rubuta kwanan wata, da inda ya kama, da ko ya hana ni zuwa kur. Likita ta ce wannan takardar tana taimaka mata sosai.

Ƴar'uwa, in ciwon mararki yana hana ki makaranta duk wata, fara wannan rubutun tun yanzu, ki kai wa likitan mata. Ni shekara takwas na yi ina jira ya bari da kansa. Ku kuma samari, in ƙanwarku ta ce ba ta iya tashi, ku yarda da ita. Ku sa ni cikin addu'a, Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.